A.G. Gaston: Jikan bayi da ya yi arziki da binne talakawa, ya kuma yi belin Martin Luther King

A Abare da ke Ƙaramar Hukumar Anka a Jihar Zamfara, idan aka yi rasuwa ba a neman ɗan kwangila. Kafin dangi su gama sanar da na nesa, matasa sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, wani ya tafi yanko likkafani, an ɗauko makara daga masallaci, dattawa kuma sun shiga yi wa mamaci wanka. Cikin 'yan sa'o'i an sallace shi an kai shi makwancinsa.

Haka aka yi ko a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Abare da Dareta da 'Yargalma. Duk da yawan rashin, mutanen gari ne suka haƙa ƙananan kaburburan nan da hannunsu.

Shi ya sa mai karatu a ƙasar Hausa zai iya jin banbaraƙwai idan aka ce masa akwai inda binne mamaci sana'a ce da ake gada kaka da kakanni. A Amurka haka abin yake. Kamfani ne ke ɗaukar gawa, ya gyara ta, ya sayar da akwati, ya ba da hayar mota, sannan ya miƙa wa iyalai takardar kuɗi.

Cikin waɗanda suka yi suna a wannan sana'a akwai Arthur George Gaston, baƙar fata daga Jihar Alabama, wanda ya shafe sama da shekara 70 a harkar. Da ƙananan kuɗin da leburori ke tarawa don tsoron kada su mutu a rasa abin binne su ya gina dukiyarsa, kuma wannan dukiya ce ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da gwagwarmayar ƙwato 'yancin baƙaƙen fata ta jingina da su a 1963.

Haihuwarsa da tashinsa

An haifi Gaston ranar 4 ga Yulin 1892 a garin Demopolis da ke Alabama, a kudancin Amurka. Mahaifinsa ma'aikacin layin dogo ne, ya rasu tun yaron yana jariri. Don haka ya tashi a hannun kakanninsa, Joe da Idella Gaston, waɗanda dukansu an haife su cikin bauta, sai bayan yaƙin basasar ƙasar da ya ƙare a 1865 suka samu 'yanci.

Tun yana ƙarami aka ga alamar neman na kai a tare da shi. Akwai lilo a tsakar gidan kakanninsa, sai ya riƙa karɓar maɓallan riga da allurai daga yaran unguwa kafin ya bar su su hau.

A 1905 ya koma birnin Birmingham wurin mahaifiyarsa Rosie, wadda ke aikin girki a gidan Loveman, masu wani babban kanti a birnin. Ta saka shi a makarantar Tuggle, wadda wata baƙar fata mai suna Carrie Tuggle ta kafa domin 'ya'yan talakawa da marayu. A nan ya san koyarwar Booker T. Washington, malamin da ya yi ta kira ga baƙaƙen fata su koyi sana'a, su tara dukiya, su mallaki abin kansu kafin komai. Wannan ra'ayi ya zauna wa Gaston a zuciya har ƙarshen rayuwarsa, kuma sunan malamin ya sa wa kamfanoninsa daga baya.

Karatunsa bai wuce aji na goma ba. Ya yi tallar jarida, ya yi dakon kayan baƙi a wani otal a birnin Mobile, sannan ya shiga soja. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa cikin rundunar da aka ware wa baƙaƙen fata zalla. Da ya dawo gida, kakin soja bai sauya masa komai ba. Dokokin wariyar launin fata na nan daram, aikin da ya samu kuwa leburanci ne a kamfanin TCI mai haƙar kwal da narkar da ƙarfe a wajen Birmingham.

Albashin bai taka kara ya karya ba, don haka ya fara sayar wa abokan aikinsa abincin rana da mahaifiyarsa ke dafawa. Abin da ya tara kuma ya riƙa ba su rance da kuɗin ruwa mai nauyi: senti 25 a kan kowace dala. Wannan na cikin abubuwan da masu sukarsa ba su taɓa mantawa ba.

Abin da ya sa jana'iza ta zama babbar magana

Domin a fahimci yadda Gaston ya samu kasuwa, sai an san halin da gawar baƙar fata ke ciki a Amurka ta wancan zamani.

Tun lokacin yaƙin basasa Amurkawa suka saba da yi wa gawa magani don kada ta lalace, a ajiye ta kwanaki har dangi su taru. Wannan ya sa jana'iza ta zama aikin ƙwararru, ta kuma yi tsada. A kudancin ƙasar, wariya ta bi mutum har kabari. Maƙabartun fararen fata daban, na baƙaƙe daban. Kamfanonin jana'iza na Turawa da yawa ba sa karɓar gawar baƙar fata, waɗanda ke karɓa kuma sau da yawa ba sa mutunta ta.

Wanda ya mutu ba shi da ko sisi, hukuma kan binne shi a filin marasa gata, ba suna ba alama. A ƙarni na 19 ma, gawawwakin talakawa baƙaƙen fata ne aka fi kai wa makarantun koyon likitanci domin ɗalibai su feɗe. Ga mutanen da aka wulaƙanta iyayensu da kakanninsu a raye, samun sutura ta mutunci a ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne.

Manyan kamfanonin inshora ma ba su taimaka ba. A 1881 kamfanin Prudential ya rage abin da yake biyan iyalan baƙar fata idan ya mutu, alhali kuɗin da yake zubawa daidai yake da na Bature. Saboda haka baƙaƙen fata suka dogara da ƙungiyoyin taimakon kai da kai, irin wadda Richard Allen da Absalom Jones suka kafa a Philadelphia tun 1787, wadda ke kula da zawarawa da binne mambobinta.

A unguwannin leburorin TCI, inda haɗarin rami da na masana'anta ke yawan cin rayuka, hanyar da aka saba ita ce bara. Mata kan tsaya bakin ƙofar kamfani ranar biyan albashi, ko su bi coci-coci, suna neman gudummawar binne mazajensu. Gaston ya lura cewa leburori ba sa hana wannan sadaka ko da kuwa ba su da shi. Ya kuma lura cewa 'yan damfara sun shiga ciki, ana karɓar kuɗin jana'izar mutanen da ke raye.

Adashin da ba a kwasa sai an mutu

Dabarar da ya fito da ita kusan adashi ce, sai dai mai zubi ba ya ganin kwasarsa da idonsa. Magidanci zai riƙa biyan senti 25 duk mako, da senti 10 a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsa. Duk wanda ya rasu a cikinsu, ƙungiya ce za ta ɗauki nauyin jana'izarsa gaba ɗaya. A 1923 aka kafa ta da sunan ƙungiyar binne mamata ta Booker T. Washington.

Haɗarin irin wannan tsari a fili yake. Idan mutuwa ta zo da wuri kafin asusu ya yi nauyi, mai ƙungiya ne zai shiga uku, kuma da ya gaza sau ɗaya shi ke nan, ba mai sake ba shi ko senti. Gaston ya gane cewa jarinsa na gaskiya shi ne amana. Ya jawo limaman coci a jiki, domin su ne jama'a ke saurare, ya kuma riƙa bi gida-gida da kansa yana karɓar zubi.

Da farko wasu kamfanoni yake biya su yi aikin jana'izar. Ba a daɗe ba ya ga cewa ribar tana tafiya wurinsu, sai ya haɗa hannu da surukinsa A.L. Smith, mahaifin matarsa Creola, suka buɗe gidan shirya jana'iza na Smith & Gaston a garin Fairfield. Harka ce ta gida: surukin na jawo jama'a da kwarjininsa, Gaston na riƙe da kuɗi da tsare-tsare, Creola na taimakawa da aikin ofis.

A 1932, a tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta durƙusar da bankuna da masana'antu a Amurka, ƙungiyar ta zama cikakken kamfanin inshora mai rajista. Mutane sun rasa ayyukansu, amma da yawa sun gwammace su rage cefane da su bar zubin jana'iza ya yanke. Gaston ya riƙa ɗaukar nauyin mawaƙan coci a rediyo domin tallata kamfanin, har sunansa ya shiga ƙauyukan jihar.

A 1938 ya sayi wani gini a gefen dandalin Kelly Ingram da ke tsakiyar Birmingham, ya mayar da harkar can. A wannan tsakanin ne ya rasa surukinsa da matarsa Creola kusa da kusa, ya zama mai binne mutane ya binne nasa. A 1943 ya auri Minnie Gardner, malamar makaranta, wadda ta zama abokiyar tafiyarsa a kasuwanci har tsufa. Gidan Smith & Gaston ya ci gaba da bunƙasa har ya yi rassa fiye da goma a faɗin Alabama, daga baya kuma Gaston ya sayi maƙabartar New Grace Hill. Daga zubin mako har ramin kabari, komai ya dawo hannu ɗaya.

Yadda harka ta haifi harka

Ƙa'idar Gaston ita ce ya duba abin da jama'arsa suka rasa, ya samar musu, su biya. Wariya ta sa sun rasa abubuwa da yawa.

Da ya rasa baƙaƙen fata da suka iya buga tafireta da lissafin kuɗi da zai ɗauka aiki, sai ya buɗe kwalejin koyon aikin ofis a 1939, wadda Minnie ta shugabanta shekaru masu yawa. Ɗalibanta da dama sun samu aikin gwamnati lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Da ya ga baƙar fata matafiyi ba shi da otal mai kyau da zai sauka a Birmingham, sai ya gina masaukin baƙi na A.G. Gaston a 1954, mai ɗaki 32. Manyan mawaƙa irin su Duke Ellington da Count Basie da Aretha Franklin sun sauka a can. A nan ne kuma wani matashin hafsan soja mai suna Colin Powell, wanda daga baya ya zama sakataren harkokin wajen Amurka, ya kwana da amaryarsa a daren bikinsu a 1962.

Da ya ga bankunan Turawa na hana baƙaƙen fata rancen gina gida da coci, sai ya kafa bankin ajiya da lamuni na Citizens Federal a 1957. Daga baya ya ƙara da kamfanin gine-gine da gidajen rediyo biyu, WENN da WAGG.

Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi albarka ba. Kamfanin lemon kwalba na Brown Belle da ya kafa ya janyo masa asara har ya rufe shi. Amma inshora da jana'iza ba su taɓa ba shi kunya ba, domin su ne tushen da sauran suka tsiro a kai.

Shekarar 1963

Mai sana'ar jana'iza baƙar fata yana da wani abu da malamin makaranta ko lebura ba su da shi a kudancin Amurka: ba Bature ke biyan sa albashi ba, don haka ba wanda zai kore shi daga aiki. Shi ya sa masu wannan sana'a suka taka rawa a gwagwarmayar neman 'yanci. Akwai lokutan da aka riƙa ɓoye 'yan gwagwarmaya a motar ɗaukar gawa don a fitar da su daga gari. A 1955 ma, a gidan jana'iza na A.A. Rayner da ke Chicago aka shirya gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka yi wa kisan gilla a Mississippi, wanda mahaifiyarsa ta nace a bar akwatinsa a buɗe duniya ta gani.

Gaston ba mutumin zanga-zanga ba ne. Ya fi yarda da sulhu a bayan fage da matsin lamba ta hanyar kuɗi. Ya taimaka wa Autherine Lucy, baƙar fata ta farko da ta shiga Jami'ar Alabama a 1956. Ya kuma yi wa wani babban banki barazanar kwashe ajiyarsa idan ba a cire allunan wariya daga famfunan shan ruwa ba. Sai dai matasa masu zafin kai suna kallon sa a matsayin ɗan amshin Shatan Turawa, attajirin da wariya ta yi wa rana, tunda ita ce ta hana abokan cinikinsa zuwa wani wuri.

A watan Afrilun 1963 Martin Luther King da Fasto Fred Shuttlesworth suka ƙaddamar da gangamin karya wariya a Birmingham, birnin da aka tayar da bama-bamai kusan 50 a gidaje da cocin baƙaƙen fata tsakanin ƙarshen shekarun 1940 da tsakiyar na 1960. Masaukin Gaston ne ya zama hedikwatarsu, a ɗaki mai lamba 30 suke tsara komai.

Duk da ya ba su masauki, Gaston bai goyi bayan yadda suka tafiyar da abin ba. Ya fi nuna adawa lokacin da aka yanke shawarar fito da 'yan makaranta kan titi ranar 2 ga Mayu. Washegari kwamishinan tsaron birnin, Bull Connor, ya sa aka sakar wa yaran karnuka da ruwan motar kashe gobara. Ofishin Gaston na kallon dandalin Kelly Ingram. Yana kan waya da wani lauya Bature mai suna David Vann, suna maganar yadda za a sasanta, sai ya hango ta taga ruwa na mirgina wata ƙaramar yarinya a kan kwalta. Vann ya sha ba da labarin cewa daga wannan lokaci matsayin Gaston ya sauya.

Ranar 8 ga Mayu aka sake tsare King da abokinsa Ralph Abernathy, a daidai lokacin da ake dab da cimma yarjejeniya da 'yan kasuwar birnin. Gaston ya biya dala 5,000 ya yi belinsu. Wasu daga cikin 'yan gwagwarmayar sun fusata, domin sun so shugabannin su zauna a kurkuku don jama'a su ƙara harzuƙa. Shi kuwa tsoronsa kada gari ya kama da wuta a rasa sulhun gaba ɗaya.

Ranar 10 ga Mayu aka sanar da yarjejeniyar a farfajiyar masaukinsa. Daren 11 ga wata aka tayar da bam kusa da ɗaki mai lamba 30, amma King ya riga ya bar gari. A watan Satumba aka jefa bam ɗin fetur gidan Gaston, a watan da aka kashe 'yan mata huɗu a harin bam na cocin Baptist da ke titi na 16, wanda ke kusa da masaukin. Taka-tsantsan ɗinsa bai sa masu wariya sun ƙyale shi ba.

Abin da ya faru a Birmingham na cikin dalilan da suka kai ga dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci da wuraren aiki.

Ƙarshen rayuwarsa

Nasarar ta zo wa Gaston da nata farashin. Da aka buɗe wa baƙaƙen fata manyan otal-otal, masaukinsa ya rasa baƙi, har a 1982 aka mayar da shi gidan tsofaffi. Harkar jana'iza kuwa ba ta girgiza sosai ba, domin har yau yawancin iyalai baƙaƙen fata a Amurka nasu suke kai wa gawa.

A 1966 ya kafa cibiyar horar da yara maza a Birmingham, a 1968 kuma ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Green Power. A watan Janairun 1976, yana da shekara 83, wani ɗan fashi ya shiga gidansa da dare, ya raunata shi da matarsa, ya tafi da shi a mota. 'Yan sanda sun ceto shi bayan 'yan sa'o'i.

A 1987 ya sayar wa ma'aikatansa kamfanin inshorar a kan kuɗin da bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na darajarsa ba, maimakon ya miƙa shi ga manyan kamfanoni. A 1992, shekarar da ya cika 100, mujallar Black Enterprise ta bayyana shi a matsayin gwarzon ɗan kasuwa baƙar fata na ƙarni. Ko bayan an yanke masa ƙafa saboda rashin lafiya, bai daina zuwa ofis a keken guragu ba.

Ya rasu a Birmingham ranar 19 ga Janairun 1996 yana da shekara 103.

Har yau ra'ayi ya rabu a kansa. Wasu na ganin mutum ne da ya ci riba daga tsoron talaka da kuma katangar wariya. Wasu kuma na cewa ya karɓi kuɗin mutane ya cika musu alkawari a lokacin da ba wanda ya damu da gawarsu, sannan da ranar buƙata ta zo, kuɗin ya koma ga jama'ar da suka tara shi.

A ƙasar Hausa, inda jana'iza haƙƙi ce da ke kan al'umma baki ɗaya, da wuya irin kamfaninsa ya samu gindin zama. Amma tambayar da ya fara da ita ba baƙuwa ba ce a nan: wa zai sayi likkafani idan talaka ya rasu, kuma wa ke kula da masu haƙa kabari a manyan birane, waɗanda yawancinsu da sadakar masu rakiyar gawa suke ciyar da iyalansu? Asusun likkafani da wasu masallatai da ƙungiyoyin unguwa ke ajiyewa amsa ce ga wannan buƙata, ba tare da neman riba ba.

A watan Janairun 2017, kwanaki kaɗan kafin ya bar mulki, Shugaba Barack Obama ya saka masaukin Gaston cikin wuraren tarihi na ƙasa, tare da dandalin Kelly Ingram da cocin titi na 16. Gidan jana'iza na Smith & Gaston kuwa, wanda ya faro daga zubin senti 25 na leburori, har yanzu yana aiki a Birmingham da sunan surukin da sirikinsa.